Sai-an-tura Ya Je Gaya

Tun da na dawo daga Gaya ta ƙasar Nijar ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a bakin kasuwar Gwandu, maimakon ya tambayi ɗinkinsa, sai ya ja benci ya ce, "Tela, wai da gaske mace ta gyara shi?" Na maimaita labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowa ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Jiya ma na ji ana cewa wai har Yamai na kai. To ga shi a rubuce, wanda ya sake tambayata in miƙa masa in ci gaba da taka kekena.

Sai-an-tura sunan moton lantarkin da ke juya injin niƙan gidanmu ne. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo shi na hannu tun ina ƙarami, wani ƙato kore mai doro a baya. Halinsa ne ya jawo masa sunan. In aka kunna shi ba ya tashi, sai dai ya tsaya wuri ɗaya yana gurnani, har sai an kama bel an fizga. Da an fizga kuwa shi ke nan, zai wuni yana niƙa gero da masara bai ce ya gaji ba. Bayan Baba, yayana Sanda ne ya gaji injin, ya gaji fizgar. Bel ɗin nan ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama wata safiya, amma ko kusa bai riƙe shi a zuciya ba. Har taƙama yake yi, yana cewa, "Wanga inji ya san hannuna. Kowa yat taɓa shi ba ya tashi, sai ni."

Muna da wata dabara da muke ganin ta fi ta kowa. Tunda wuta ba ta da lokacin zuwa, in aka ɗauke sai Yaya ya bar makunnin a kunne. Da an kawo, gurnanin moto zai sanar da shi ko yana ina, ya rugo ya fizgi bel, matan unguwa kuma su fara turo kwanoninsu. Shekara da shekaru haka muke yi. Sai wata Juma'a aka kawo wuta muna masallaci, rumfar injin a kulle, mabuɗi a aljihun Yaya. Sai-an-tura ya yi ta kira ba wanda ya amsa. Kafin mu iso hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Innarmu, da aka gaya mata, hamdala ta yi. Ta ce, "Ya ci biyu, ba ni ba shi na ukku. Sanda, in ka sake sa hannunka ga bel, ban yahe ba." Ta kuma hana shi kai shi gyara. Yaya mutum ne mai iyali, bai san wata sana'a ba sai wannan, kuma ba ya tsallake maganar Inna. Sai ya koma zaman ƙofar rumfa yana kallon kwanonin unguwarmu suna wucewa zuwa wani injin can bayan tasha. Tuwo ma sai an matsa masa yake ci. Abin ya dame ni ƙwarai. Da na duba na ga ni Inna ba ta hana ni komai ba, don ba ta taɓa zaton zan ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba, sai na naɗe moton a tsohon bargo na shiga motar Birnin Kebbi. Na ce a gyara tukuna, in ya so a san yadda za a yi da maganar Inna, ko da yake ni kaina ban san yadda za a yi ba.

Zangon farko Kalgo ne, wurin Ɗanjumma mai naɗin koyil, wato wayar cikin moto, wanda duk mai famfon ban-ruwa a fadamar nan ya san shagonsa. Ya kwance bargon, ya leƙa cikin moton, ya ɗago ya dube ni.

"Ina wayar da taƙ ƙone?"

Na ce ai Yaya ya zauna ya tsince ta tas, ya goge cikin da tsumma, don a sami sauƙin aiki.

Ɗanjumma ya dafe kai. "Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Tela, in mutum ya kawo maka yadi ya ce ka ɗinka mai irin tsohuwar rigatai, kuma ya ƙone tsohuwar, mi za ka yi? Ni da ido nika aiki. In ga tsohon naɗi, in ƙirga zagayensa, in kwaikwaya. Wadda tak koya min ita ka aiki da lissahi, tana Gaya. Ka ce a kai ka wurin Madam Zalika."

Na ce, "Madam?"

Ya ce, "Ka ji ni da kyau."

Ya ba ni fura mai sanyi, ya raka ni bakin titi, ya tsayar mini da motar Kamba. Direban ya ɗaga bargon ya ji nauyi, ya ce wannan ba kaya ba ne fasinja ne, kuma tunda but ya cika da buhunan shinkafa sai dai ya zauna a kan ƙafafuna. Haka aka yi. Kafin Bunza na daina jin yatsun ƙafata. Da muka faɗa wani rami, Sai-an-tura ya gangara ya danne kwandon busasshen kifin wata dattijuwa da ke gefena. Ta dube ni, ta dubi bargon, ta ce, "Ɗana, in gawa ce ka hwaɗi mu yi mata addu'a." Da na ba ta labari sai tausayi ya kama ta, ta ce ita ma ƙanenta injin casa ya taɓa shi. Ta ɗebo mini kifin da ya farfashe ta ce in ci, ai moton ya riga ya niƙa mini.

A kan iyaka na nuna katina, aka duba aka miƙo mini. Sai wani jami'i mai furfura ya nuna bargon da baki ya ce, "Shi kuma abokin tafiyar taka ina takardarsa?" Na fara rantse-rantse cewa gadonmu ne, sai na ga yana murmushi. Ya durƙusa ya goge wani ɗan faranti da ke manne a jikin moton, wanda ni a rayuwata ban taɓa kula da shi ba, ya ce, "Ga ta nan. Sunansa, ƙarfinsa, irin wutar da yake ci, duk an rubuta. Ya fi ka cikakkun takardu. Ku wuce, Allah ya ba shi lafiya."

Daga can ɗan kabu-kabu ya ɗauke mu, moton a tsakanina da shi, ni a can ƙarshen sirdi ina karanto duk addu'ar da na sani. An gaya mini mutanen Gaya Dandawa ne, gaisuwarsu fofo, don haka duk wanda muka wuce sai in ɗaga hannu in ce fofo. Da muka tsaya tambayar hanya na yi wa wani mai shago fofo har da rusunawa. Ya ce, "Kai Tela, ba kai ne ƙanen Sanda mai niƙa ba?" Ashe ɗan Dalijan ne, can wajenmu.

Mun isa shagon Madam rana tsaka, na tarar da shi a rufe. Na kusa da shi a rufe, na gaba ma haka. Na ce inna lillahi, wani babba ya rasu a unguwar nan. Ɗan kabu-kabu ya yi dariya har da buga tankin babur. Ya ce hutun rana ne, haka suke yi kullum, sai zafi ya karye a buɗe. Mu da muke ɗinki gumi na ɗiga a kan yadin mutane, na ce lallai waɗannan sun fi mu son kansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina zaune a kan moton sai ga wata mace a kan babur, ita ke tuƙa kanta, da mayafinta da komai. Ta kafe shi, ta buɗe shago, ta ɗora wata shuɗiyar rigar aiki a kan atamfarta. Ba za ta wuce sa'ar Yaya ba. Na gaishe ta na ce Ɗanjumma ya aiko ni. Ta ce, "Ɗanjumma! Har yanzu shina tsoron lissahi?" Hausarta irin tamu ce, sai dai tana tsoma Faransanci a ciki kamar yadda muke tsoma Turanci. Moto a bakinta moter ne.

Ni dai na ga masu sana'a, amma ban taɓa ganin mai taɓa ƙarfe da ladabi irin matar nan ba. Ba ta buga komai da guduma ba. Ta karanta farantin nan da jami'i ya nuna mini, ta ƙirga ramukan da ke cikin gidan moton, ta auna faɗinsu da zurfinsu kamar yadda nake auna kafaɗar mutum. Sannan ta sa ɗan tsinke ta zaƙulo wani guntun jar waya da ya tsere wa tsaftar Yaya, ta auna kaurinsa, ta ce, "Bon. Wanga ya isa." Aka ce mini a makarantar koyon sana'a ta yi karatun abin, ta dawo garinsu ta buɗe shago, tun maza na zuwa kallo har suka koma zuwa da kaya.

Mijinta, Malam Idi, mai sayar da bel da boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da inji ke juyawa a kai, a shagon da ke jikin nata, shi ya sauke ni a zaurensa. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ya kusa yanka mini dasashi. Da rana dambu da zogale, su kopto suke ce masa, an ji mai da albasa, na ci har na ji kunya. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofin gilashi da bai fi a zuba maganin tari ba, ga ɗaci. Na kurɓe na farko na yi godiya na miƙe, Malam Idi ya jawo rigata ya ce ba a tashi sai an sha na uku. Na uku ne mai zaƙin, wato su sai mai haƙuri suke ba sukari.

Kwanakin da aikin ya ɗauka a shagon na yi su, don na kasa zama a zaure. Ina kallo tana naɗa sabuwar waya a kan katako, tana jera ta cikin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaurewa da zare. Da na ga an zo wajen zare na ce a bar mini, ta kuwa bar mini, ta ma yaba ƙullina. A nan na tambaye ta abin da ke cina. Na ɗauko ɗan cikin moton, wato dunƙulen ƙarfen da ke juyawa, na jujjuya shi na ce, "Madam, ta ina wuta ke shiga wannan? Ban ga waya ko ɗaya a jikinsa ba."

Ta ce, "Ba ta shiga. Zo ka gani."

Ta kai ni wurin wani babban moto na injin casar shinkafa da ta gama naɗawa, gidan kawai, ba ɗan ciki. Ta ɗauko ƙwallon boris guda ta ajiye a cikinsa, ta ba moton wuta kaɗan. Wallahi ina tsaye ƙwallon nan ya tashi da gudu yana zagaya cikin gidan, ba hannu ba igiya. Na ja da baya na ce a'uzu billahi. Ta kashe tana dariya.

"Ba aljani ba ne, maganaɗisu ne. Ka san lugude? Mata ukku, turmi guda, wagga ta sauke taɓarya, wagga ta bi, waccan ta bi. Wanga moter layi ukku gare shi, kowane da lokacin bugunsa. Bugun shina zagayawa, sai maganaɗisun ya zagaya tare da shi."

Ta nuna mini sandunan alminiyam da ke kwance a jikin ɗan cikin, an haɗe bakunansu da zobe gaba da baya kamar keji. Ta ce in maganaɗisun nan mai zagaye ya gifta sandunan, sai ya haifar da wata wuta a cikinsu, su ma su zama maganaɗisu, su bi shi a guje. Shi ya sa ba ya bukatar waya, ba abin da ke gogar wani balle ya cinye, in ban da boris. Kuma wai ɗan cikin ba ya taɓa cim ma abin da yake bi. Kullum yana ɗan baya kaɗan, don da zai cim masa, giftawar ta ƙare, ƙarfin ma ya ƙare. Na ce, "Madam, wannan ai ɗan Adam ne da duniya." Ta ce ita dai moter ta sani.

Na shiga nuna kayan shagon ina tambaya kamar baƙauye a birni. Fankar sama, famfon rijiya, injin firji, injin markaɗe, ta ce duk dangi ɗaya ne. Manya masu layi uku su ke casa da tura ruwa a manyan gonaki, kuma da kansu suke tashi. Akwai wani can a lungu wanda ɗan cikinsa ke da naɗin waya da zobba a wuya, ta ce irinsa na ɗaga kaya masu nauyi ne, a hankali ake tashinsa. Ƙananan na gida kuwa layi ɗaya gare su, irin namu.

"Mace guda ga turmi," in ji ta, "sama da ƙasa kawai taka yi, ba zagaye. Shi ya sa mai layi guda ba ya sanin inda za shi nufa, sai ya tsaya shina gurnani. Dole a ba shi abokiyar daka, ko ta ɗan lokaci ce, ta nuna mai hanya."

Tana faɗin haka ta sa sukundireba ta buɗe doron da ke bayan Sai-an-tura. Ɗan sifana ya faɗo, da wani busasshen goro. Ta dube ni. Na ce ai nan ne ma'ajiyar Yaya, tun zamanin Baba a nan ake ajiye sifana. Ta zaro wasu wayoyi biyu da aka yanke aka naɗe da tsohon tsumma, ta ce nan gidan kondansa ne. Ta ɗauko sabo daga kantar shagon ta ɗora mini a tafin hannu, bai fi gwangwanin madara ba. Shi da wani ƙaramin naɗi na biyu su ne abokiyar dakan: su ba moto turin farko, da ya ɗau gudu wani ɗan makunni a ciki ya cire su. Wataƙila tun kafin Baba ya saye shi na ciki ya lalace, wani ya yanke ya yar.

Ta ce, "To da mi kuka tada shi?"

Na ce da hannu. Na gaya mata sunan da muka sa masa, ta yi dariya. Na gaya mata zancen yatsun Yaya, dariyar ta tsaya. Ta goge hannunta da tsumma, ta ce, "Allah sarki. Ba malalaci ba ne, gurgu ne anka ɗauke ma sanda." Ni kuwa fankar shagona na tuna, wadda kullum sai na tura ta da sandar awo, ashe ita ma ciwonta ke nan. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ranar da aka gama, bayan an shafa wa naɗin man banish mai kare waya an gasa shi ya bushe, ta ɗaure moton a kan teburi ta ce in danna da kaina. Na danna. Kafin in janye yatsa ya ɗauka, sumul, da wani ɗan ƙas a ciki. Ta yi mini gargaɗi biyu: a yi wa bel murfi, kuma kada a sake barin makunni a kunne. "In kuna son sanin an kawo wuta, ku rataya ƙwan lantarki. Ƙwai ba ya ƙonewa don an bar shi shina jira." Malam Idi ya ƙara mini da sabon bel, ya ce tukuicin ƙullin zare ne.

Dawowa ba ta yi mini nisa ba, sai dai duk hanya tunani ɗaya nake yi, yadda zan gaya wa Yaya. Na biya Kalgo na nuna wa Ɗanjumma, ya shafa naɗin ya ce, "Ka gani ko? Kamar kitso."

A gida Inna na fara samu. Na durƙusa na ce, "Inna, cewa kinka yi kada ya sa hannu ga bel. In inji ya tashi ba hannu fa?" Ta ce ita ba a yi mata wayon 'yan kasuwa, sai ta gani da idonta. Washegari da hantsi ta sa aka kai mata kujera ƙofar rumfa, ta zauna da sandarta a kan cinya. Muka ɗaura moton, muka ja bel, na rataya ƙwai a jikin ginshiƙi, muka zauna jiran masu wuta. Maƙwabta suka taru kamar ana raɗin suna.

Ƙwan ya kama. Yaya ya yi bisimilla ya danna makunni da hagu, kuma ina gani hannunsa na dama ya tafi wajen bel da kansa, yadda ya saba. Inna ta ɗaga sanda. Kafin hannun ya kai, Sai-an-tura ya ɗauka, injin ya cika rumfar da ƙara, mata suka rangaɗa guɗa. Yaya ya tsaya da hannu a sama.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya tashi. Ya juyo ya ce, "Mi tay yi mai?"

Na buɗe doron na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ɗan gwangwanin nan.

"Wanga ɗan abu? Tun yaushe babu shi?"

Na ce, "Tun kahin Baba ya sawo shi, Yaya."

Ya dubi hannunsa, gaba da baya, kamar yau ya fara ganinsa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin ba, har na yi da-na-sanin buɗe doron a gaban jama'a. A hankali ya ce, "Ashe ba hannuna yas sani ba."

Inna ta ajiye sandarta. Ta ce, "Ni na san shi. Da biyar na haihe shi. Kawo shi nan."

Ya je ya durƙusa a gabanta, babban mutum da furfura a gemu, ya miƙa mata. Ta riƙe yatsu ukun nan a cikin hannayenta biyu, ta tofa musu addu'a, ta shafa. Sannan ta sake shi ta ce, "Tashi ka yi niƙa, mata na jira."

Kwanon farko da ya juye a injin na gidanmu ne, geron kunun Inna.